Ban Taɓa Kiran Sunansa Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a maƙabartar Katagum.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hauwa, ta Azare. Kin tafi kin bar ni ban iya riƙe biro ba. Yau shekara uku ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu, wannan kuma rubutun hannuna ne, in ya karkace ki yi haƙuri. Malamarmu ta ce za ta kai a buga don wasu iyaye su gani, na yarda. Amma da ke nake magana.

Maganar jikanki ce, ɗan farina. Zan rubuta sunansa, ki yafe mini: Idrisu. Makaranta ta kore shi ranar Litinin. Alhaji, yayan babansa, ya ce ranar Juma'a zai zo da mota ya kai shi gidan mari a wani ƙauye, inda ake sa wa masu taɓin hankali ƙarfe a ƙafa. Shekararsa goma sha biyu, Inna.

Kin tuna da na haife shi a ɗakinki. Kika ce mini ɗan fari ba na uwa ba ne, ba a kallonsa, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Na bi. Ina ba shi nono fuskata na kallon bango. Mata suka yi ta yaba ni, suna cewa 'yar Inna akwai kunya. Da aka yaye shi na kai miki shi Katagum, na dawo Azare ban yi kuka a gaban kowa ba.

In na zo sallah sai in same shi a gindin rumbu yana tsince wake, fari gefe guda, ja gefe guda. Ba ya ɗaga ido ya dubi kowa. Baƙi su ce, kai, wannan yaro da ladabi yake, ko idon manya ba ya kallo. Ke kuma ki yi dariya ki ce, "Maigidana ne, ba ya kallon matan banza, ni kaɗai ya sani." Da maganarsa ta yi jinkiri kika ce kakansa ma haka ya yi, kuma ya mutu yana limanci.

Sai yanzu nake tuna wasu abubuwa. Ba kya daka in yana kusa. Kwanonsa guda ne, wurin ajiye shi ma guda. Kafin ki kama hannunsa sai kin ce, "Maigida, ga ni nan, zan taɓa ka." Kin san shi sarai. Ba ki faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, don ina ni ina tambayar lafiyar ɗan fari.

Da kika rasu aka kawo mini shi yana da shekara takwas, ban san abin da yake ci ba. Washegari na ɗora taɓarya a turmi, ya toshe kunne ya yi ƙara, ya yi ta buga kansa a bango har goshi ya fashe. Na rungume shi don in tsayar da shi, abin ya ƙaru. Maƙwabta suka ce iska ce. An yi rubutu, an yi turare, an yi ruƙiyya sau uku. Bayan kowace ruƙiyya sai ya yi kwana biyu bai ci abinci ba.

Duk da haka da aka sa shi firamare ya iya karatu. Ya riga ni iyawa. In na kakare a littafina na yaƙi da jahilci, yakan karanta layin daga inda yake zaune, bai dube ni ba, ya ci gaba da abin da yake yi. Matsalar ƙarfen makaranta ce, tsohon wilin mota da suka rataye a bishiya daidai tagar ajinsu. Duk lokacin da aka buga sai ya shige ƙarƙashin benci. Kullum da bulala.

Bara wata likita ta zo asibitin nan, malamarmu ta matsa mini na kai shi. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tambaye ni, lokacin da yake jariri, in na kira sunansa yana juyowa? In na yi masa dariya yana mayar mini? Na ce mata ban taɓa kiran sunansa ba. Ta ajiye biro, ta dube ni, ba ta yi mamaki ba, don ita ma 'yar ƙasar nan ce.

Ta ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, kuma ba kunyata ce ta jawo ba. Haka Allah Ya halicci ƙwaƙwalwarsa, ƙara da taɓawa suna shigarsa fiye da yadda suke shigarmu. Ta rubuta mini sunan abin a takarda, otizim. Ta ce da an gane da wuri da an rage masa wahala mai yawa. Wannan maganar ce ba ta sake ni ba har yau.

Makon jiya aka buga ƙarfe ya shige ƙarƙashin benci. Malami ya sa manyan ɗalibai huɗu suka jawo shi suka miƙar da shi don bulala. Ya ciji ɗayansu a hannu har jini ya fito. Na je na duba yaron, na ba uwarsa haƙuri. Ita ma ɗanta ne.

Aka kira zaman kwamitin iyaye da malamai. Babansa bai je ba. Kada ki ga laifinsa da yawa, shi ma kunyar ce ta ɗaure shi, maganar ɗan fari a hannun yayansa take. Sai na sa hijabina na tafi, da takardar likita da wata da na rubuta da kaina. Maza cike da ofis. Hedimasta ya ce, baiwar Allah wace ce? Na ce, "Ni ce uwar Idrisu." Wani dattijo da ya san gidan mahaifina Malam ya ce, "Subhanallahi! Ɗan farin nata take ambata haka gatsal? Lallai boko ya shiga gidan Malam." Aka yi dariya.

Na karanta musu takardata, ina tsayawa a kowace kalma. Na roƙa a mayar da ƙarfen wata bishiyar, ko a mayar da shi ajin da ke nesa da shi. Na roƙa kada a riƙa kama shi ba a faɗa masa ba. Na ce ku ba shi kowane littafi a ofis ɗin nan, zai karanta muku. Ba wanda ya miƙo littafi.

Hedimasta ba mugu ba ne. Ya ce, "Hajiya, na ji ki. Amma yara sun yi wa malami ɗaya yawa, kuma nan makaranta ce, ba asibiti ba. Yau a cire ƙarfe saboda ɗanki, gobe me za a cire?" Takardar likitar ma a ninke ya mayar mini da ita.

Abin da nake so waɗanda za su karanta su sani, Inna, ba tarbiyyarki nake zagi ba. Amma mai ɗan fari ta kira sunansa ko a ɗaki ne, ita da shi, ta ga ko zai juyo. Malamai kuma su sani akwai yaran da ba taurin kai ne ke sa su shiga ƙarƙashin benci ba. In makaranta ba ta iya matsar da ƙarfe guda ba, wane tela ko kafinta zai ɗauke shi koyon aiki in ya girma? Ranar da ba ni kuma fa?

Jiya na gaya wa babansa ba zan bari a sa masa mari ba. Ya ce, "Ranar Alhamis zan fita da sassafe, ba zan dawo ba sai la'asar. Abin da ya faru a bayana ban gani ba." Iyakar abin da ya iya ke nan. Na san in Alhaji ya zo ya tarar ba mu, zai iya sa shi ya aiko mini da takardar saki, kuma ban tabbata zai iya ƙi ba.

Don haka ina neman izininki in buɗe ɗakinki. Gobe Alhamis za mu taho Katagum. Zan koya masa ɗan lissafin da na iya, shi ya koya mini karatu, har Allah Ya kawo makarantar da za ta karɓe shi, in akwai ta.

Ɗazu na faɗa masa za mu je Katagum. Ya tashi ya ɗauko takalmansa ya riƙe. Ya ce, "Inna ta dawo daga unguwa." Sai na gane. Na tuna ranar jana'izarki na ji wata ta ce masa unguwa kika tafi, kamar yadda ake faɗa wa yara. Shi kuwa abin da aka faɗa masa shi ne. Shekara huɗu yana jiranki, ban sani ba. Har yanzu yana zaune a bakin ƙofa da takalman a hannu, ni kuma ban san da wane baki zan gaya masa kafin motar ta isa ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da abin da kika yi wa yaron nan. Allah Ya ba ni rabin haƙurinki, Ya tsare ƙafafunsa daga ƙarfe. Amin.

'Yarki,
Hauwa, uwar Idrisu.