Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Al-Nasiriya, Riyad.

Zuwa ga Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya yara da mutanen Katsina? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, ƙara na kawo miki, ƙarar 'yarki da ubanta. An shirya muhawara a makarantarsu: idan duniya za ta zaɓi harshe ɗaya da kowa zai riƙa ji, Jamusanci ya fi ko wani wai shi Esperanto? Ita aka ba ɓangaren Jamusanci. Kin san maigidan a Jamus ya yi karatun injiniya, ya daɗe yana neman wanda zai saurari wannan yare nasa mai kama da tari. To, ya samu. Da an yi la'asar sai su baje a falo, yana faɗa tana maimaitawa, suna ta ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa in dawo daga aikin asibiti a gajiye, in ajiye musu shayi kamar 'yar aiki, ko ɗaga kai ba sa yi.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi. Ni na yi naƙudarta, amma ban taɓa ganin haƙoranta a waje haka saboda ni ba. Kin san yadda Inna ta rene mu: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a zama hira da ita. Na riƙe wannan kunyar har ƙasar Larabawa, inda babu kaka ko goggo da za ta yi mata wasan da ni ba zan yi ba. Yanzu ga shi har sun fara zancen jami'a a Jamus. Idan ta tafi a haka, me za ta tuna game da ni?

Ki gaida Inna. Taki,
Salamatu.

Zuwa ga Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na ji saƙonki, kuma na ji dariyar da kika yi min, Allah ya yafe miki.

Ki shirya wata dariyar. Akwai wata nas 'yar Brazil a sashenmu da ta iya Esperanto ɗin nan. Ta ce wani likita ne ya ƙirƙire shi don kada wata ƙasa ta yi wa wata gorin harshe. Na ce yauwa, irinsa nake nema. Na fara koya a waya lokacin hutu, ba don son ilimi ba, don dai in ɓata wa maigidan rai. Da ya ce yarinyar tana buƙatar wanda za ta gwada gardama da shi, sai na ja kujera na zauna. Ya dube ni kamar ya ga sabuwar mace.

Yaya, ashe yarinyar nan baki gare ta! Na ce Jamusanci na masu shi ne, duk wanda ya koya baƙo zai zauna har abada. Ta ce Esperanto ba shi da kasuwa, ba shi da asibiti, ba shi da tsohuwar da ke yi wa jikoki tatsuniya. Na ce ai shi ya sa kowa ɗaya ne a cikinsa. Muka yi ta yi, Hausarta ta ƙare ta koma Larabci, har shinkafata ta kama. Rabona da jin daɗi irin wannan na manta.

Sai a ƙarshe ta soke ni. Ta ce abin mamaki ne mutum ya damu da harshen da zai yi wa duniya magana, alhali a harshen da yake da shi bai taɓa kiran sunan 'yarsa ba. Ta ce ƙawayenta sun ɗauka riƙonta nake yi. Uban ya fara yi mata bayanin al'ada, ta jingina da kafaɗarsa tana saurare. Ko wannan bayanin ma daga bakinsa ta karɓa. Na shiga kicin na yi kukana.

Taki,
Salamatu.

Zuwa ga Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

An yi muhawara. Makarantar 'yan mata ce, iyaye mata kawai aka bari su shiga, don haka maigidan a mota ya tsaya yana cika yana batsewa. Wannan kam ya yi min daɗi.

Duk abin da abokiyar karawarta ta kawo, ni na riga na jefe ta da shi a falo, amsa tana bakinta. Jamusanci ya ci, Esperanto ɗina ya sha ƙasa. Matan Larabawa suka miƙe, kowace tana kiran sunan 'yarta, har waɗanda nasu suka faɗi. Tawa ta tsaya riƙe da kofin nasara, ba ta ko dubi inda nake ba, don ta san babu abin da zai fito daga can. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kira, da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa yaro daga bakin zaure. Ta waiga tana neman mai muryar. Da ta ga ni ce, sai ta sa kofin ta rufe fuskarta.

Da muka fito, wurin uban ta ruga da kofin, kishina yana nan bai je ko'ina ba. Amma ta bar masa gaban mota ta zauna baya kusa da ni, hannunta cikin nawa har gida.

Kada ki karanta wa Inna wannan layin. Bilqis tana gaishe ku.

Ƙanwarki,
Salamatu.