Rijiyar da Ban Taɓa Gani Ba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Dubai. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar? Ina fatan Umma da kowa suna lafiya.

Baba, hankalina a tashe yake. Kamfaninmu yana da rijiyar gas a cikin sahara, amma gas ɗin kaɗan yake fitowa. Za a danna mata ruwa da yashi da ƙarfi, dutsen da ke ƙasa ya tsage, gas ya sami hanya. Ni na tsara aikin a kwamfuta. Jiya ogana ya duba sama-sama, ya ce, "Khalas, shi ke nan, Sani, sa hannu." Na sa.

Amma da samfurin dutsen wata rijiya ta kusa na yi lissafin, don ba a ɗebo na wannan ba. In nata ya fi tauri, bututu zai iya fashewa.

Ku da kuke haƙa rijiya, ba ku taɓa tura wani ramin da ba ku fara shiga ba. Ni kuwa ina ofis cikin sanyi, ranar Alhamis wasu ne za su tsaya a bakin tawa.

A gaida Umma. Ku sa mu a addu'a, Baba, amma ku fara da su.

Ɗanku,
Sani