Masauki ga Mai Nasara a Abijan

Tasawa, farkon damina, 1985

Zuwa ga yayata Zara'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abdurrahamane da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a zamanku na Abijan. Mu ma nan alhamdu lillahi. Matata Habsatu ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, ni kuma ina nan ina fama da koyar da yara boko a lakkwal, ko da yake da yawansu sun bi iyayensu kudu tun da rumbuna suka ƙare. An yi ruwan farko a wajen Baudeta, mutane sun fita shuka da ɗan irin da ya rage. Can gida Isawan kam har yanzu ido na sama. Shanun Baba duk sun mutu a rani, saura saniya guda da jakin nan nasa, amma shi da kansa yana nan da ƙarfinsa.

Yaya, maganar ƙanenmu Mai Nasara ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na san tun da ya shiga addinin Kirista kika ce kada a ƙara ambata miki sunansa. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Kin san aikin allura yake yi a asibitin mishan. Ashe duk shekarun nan, in ya tashi aiki, rubutu yake yi da Faransanci, har aka buga masa littafi. Irin labaran nan ne da ake ƙagawa na injuna da tafiya cikin taurari. Kwanakin baya muna zaune muka ji a rediyo cewa wata ƙungiyar marubuta Kirista ta sa littafin cikin 'yan kaɗan da za a zaɓi gwani a cikinsu, kuma a can Abijan wurinku za a yi bikin. Habsatu ta saki ludayi ta yi guɗa, sai kuma ta rufe baki tana dubana, ba ta san ko murnar ta halatta ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Wani ya kai wa hukuma labari cewa a cikin littafin akwai masu bindiga da suka kulle rumbun hatsi mutane na mutuwa da yunwa, wai da sojojinmu yake. Jandarma suka je har wurin aiki suka ɗauko shi, suka rufe shi a nan Tasawa. Na je aka hana ni ganinsa, tuwon da Habsatu ta aika ma sai da aka tone shi da cokali. Na aika wa Kawu Wada saƙo ya faɗa wa Baba, don hakki ne ya sani, ban sa rai zai ce komai ba. Ranar kasuwa na dawo daga lakkwal, sai na tarar da Baba zaune a zaurena da sandarsa, ya biyo motar 'yan kasuwa daga Mayahi.

Bayan ya sha ruwa ya yi sallah, ya ce ba zai je ya tsaya wa magana ba sai ya san mece ce, in ɗauko littafin in juya masa da Hausa. Muka riƙa zama bayan la'asar, ina karantawa ina fassarawa. Labarin wani gari ne da ruwa ya ƙaurace masa shekara da shekaru, har aka ƙera wani ƙaton jirgin ƙarfe da zai kwashi mutane zuwa wani tauraro mai damina. Tafiyar tana da nisa, har ana haihuwa a cikin jirgin. Akwai wani saurayi mai gyaran injin ruwa, shi ne mai labarin. Da na zo inda saurayin yake addu'a da sunan Yesu, na tsallake wurin na wuce. Baba ya gane, don ya ga na juya shafi da sauri. Ya ce in koma, ba jariri ba ne shi, in karanta yadda yaron ya rubuta. Na koma. Ya ji yadda saurayin ya bar wa mutumin da ya zalunce shi rabon ruwansa, wai haka Almasihu ya koya. Baba ya yi istigfari a hankali, ya ce in ci gaba.

Abin da ya fi tsaya masa shi ne uban saurayin. Tsoho ne da ya ƙi shiga jirgin, ya ce ba zai bar kabarin matarsa ba, kuma dole a sami wanda ruwa zai tarar in ya dawo. Sun rabu ba su yi sallama ba. Kullum safiya saurayin yakan je ƙaramar tagar jirgin ya nemi duniya a cikin duhu, tana ta ƙanƙancewa, yana ba tsohon labarin abin da ya ci da abin da ya gyara, kamar yana jin sa. Wallahi Yaya, har yadda Baba yake gyaran murya kafin ya yi faɗa yana cikin littafin. Da muka kai ƙarshe, sun sauka ruwa na dukansu, kowa na murna, saurayin yana neman tagar da babu ita. Baba ya tambaye ni ko yaron ya koma wurin ubansa. Na ce littafin bai faɗa ba. Sai ya ce in miƙo masa takalmansa.

Muka je wurin kwamandan jandarma. Baba ya ƙi kujera, ya tsaya a kan sandarsa. Ya ce shi ne Na Allah na Isawan, uban wanda aka rufe. Ya ce shi da yaron nan addini ya raba su, sun yi shekaru ba su haɗa hannu a ƙwarya ba, don haka ba son kai ya kawo shi ba. Amma an karanta masa littafin kaf, bai ji sunan kowa ba, yunwa ya ji. In kuwa faɗin yunwa laifi ne, to a zo Isawan a leƙa rumbunsa, sannan a rufe su tare. Na ɗauka a can za mu kwana. Kwamandan ya tambaya ko tsohon ya ci abinci, ya ce mu je zai duba littafin da kansa. Bayan 'yan kwanaki aka saki Mai Nasara, aka ja masa kunne, daga baya kuma aka ba shi takardar izinin fita.

Da ya shigo gidana ya ga Baba, sai ya durƙusa a bakin zaure ya kasa ƙarasowa. Baba ya dube shi ya ce ya rame. Shi ke nan abin da ya ce. Habsatu ta kawo tuwo, na tashi zan ɗebar wa Mai Nasara nasa daban, Baba ya ce in bar ƙwaryar yadda take. Kada ki ɗauka wani ya canza. Baba yana nan yana roƙon Allah ya shiryi Mai Nasara bayan kowace sallah, a gabansa ma yake yi, shi kuma ranar Lahadi ya tafi majami'arsu. Amma shi ya raka Baba tasha, ya riƙe masa sanda har ya hau mota.

To, ga abin da nake roƙo. Mai Nasara zai taso bayan an yi noman farko, kuma bai san kowa ba a Abijan sai ke. Masu bikin sun ce za su ba shi ɗaki a otel, ya ce ya gode. Ko ya ci kyautar ko bai ci ba, wannan na Allah ne, kuma an ce sauran littattafan ma na gwanaye ne. Shi bai ce in rubuto miki ba, kunya ba za ta bar shi ba. Baba ne ya leƙo ta tagar mota ya ce in faɗa wa Zara'u, ba a ce ɗansa ya je garin da yayarsa take ya kwana a hannun baƙi ba, ta shimfiɗa masa tabarma. Na isar. Sauran yana wurinki.

Ki gaishe mini da Abdurrahamane da kyau, ki nuna masa wannan takarda, don gidansa ne. Ki shafa mini kan Safi da Rabo. Habsatu tana gaishe ki, Kawu Wada ma haka. Ku taya mu roƙon Allah ya ba mu damina mai albarka. Ina sauraron amsarki.

Naki ƙane,
Ɗan Azumi