Ƙarshen da Ka Aike Ni In Gano Maka

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Sule, ƙanenka tela, wanda yanzu ido ya hana shi zura zare a allura.

Jikokina ne suka cika min gida da gardama a kan ƙarshen wani shirin 'yan sanda na talabijin. Wannan ya ce ya yi, wancan ya ce an cuce su. Ni kuwa sai kai ka faɗo min a rai, da aiken da ka yi min tun kafin mulkin kai, wanda har yau ban kawo maka amsarsa ba.

Ka tuna fim ɗin ɓarawon nan mai rufe fuska, da ake nunawa kashi-kashi duk Asabar a silimar Sabon Gari? Ka taso daga aikin reluwe, mu kuma mu rufe kekunan ɗinki, mu tako daga Fagge mu cika bencin gaba. Babu mai jin Turanci a cikinmu sai kai. Bature ya yi magana, mu juyo mu zuba wa bakinka ido.

Kai ka gaya mana ɗan sandan cikin fim ɗin maraya ne, lauyan nan mai tabarau shi ya riƙe shi, matar mai doguwar hula kuma matarsa ce da ta yi yaji. Har musu muka riƙa yi a shago a kan ko za ta koma ɗakinta.

Ana saura kashi ɗaya sanƙarau ya kwantar da kai. Na ƙi tashi daga gefen tabarmarka, ka kore ni. "Je ka gano min," ka ce.

To, Yaya, ga abin da na gano. Lauyan ne ɓarawon. Wurin da aka cire masa ƙyallen fuska ya burge ni: babu kiɗa, babu guje-guje, ɗan sandan ya miƙa ankwa ya kawar da kai. Ko ba ka jin yaren, ka san abin ya yi masa ciwo. Har masu sayar da gyaɗa suka tsaya kallo.

Amma sauran, gaskiya sun yi mana sauri. Mutum da bindiga a hannu ya tsaya zuba surutu har 'yan sanda suka kewaye gidan, wane ɓarawo ne wannan? Matar kuwa ko leƙowa ba ta yi ba. Haushi ya kama ni, na tambayi wani akawun gidan waya da ke kusa da ni, mutumin kudu mai Hausa tsaf, ina matar ɗan sandan ta shiga. Ya yi dariya har da hawaye. Wai ba matarsa ba ce, sakatariyarsa ce. Maraicin ma bai taɓa jin an ambata ba.

Ashe duk makonnin nan fim biyu muke kallo, ɗaya a bango, ɗaya a bakinka.

Na dawo da sauri in titsiye ka, na tarar ba ka gane kowa. Kafin mako ya zagayo mun kai ka makwancinka.

Ban ji haushinka ba, wallahi, mamaki nake yi. Turancin ne ya fi ƙarfinka ka rufe, ko labarin nasu ne ka ga bai kai ba ka gyara mana? Kuma da kana zaune a bencin ranar, me za ka ce maraya ya gaya wa mariƙinsa da ankwa a hannu? Ina za ka kai matar? Na gwada ƙarasawa da kaina sau da yawa, ba ya zama. Nasu ƙarshen na gani, naka ne ban ji ba, kuma shi nake so.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka, ya haɗa mu a inda zan zauna kusa da kai in ji sauran.

Ƙanenka mai kewarka,
Sule