Faten Dankali da Cukun Goggo

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

An sallamo ɗan Goggo daga asibiti da hantsi. Muƙamuƙi ya karye wuri biyu. Sun ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, sati biyar ba buɗe baki. Duk abin da zai shiga cikinsa sai ta 'yar robar nan ta zuƙar lemo. Babur ɗin da ya yi hatsarin da shi kuwa an ce ba ya moruwa, yana can gefen hanyar Gwaram.

Malam, maigidana, ya ce a nan Birnin Kudu yaron zai yi jinya, don ya fi kusa da likita. Na share ɗakin soro, na shimfiɗa sabon zanin gado, na fice kafin su shigo da shi. Shekararsa ashirin da shida. Rabon da ya kwana bakwai a jere a gidan nan tun ranar da aka yaye shi, Goggo A'i, yayar Malam, ta goya shi ta tafi da shi Basirka.

Na tsaya daga bakin ƙofa na ce, “Sannu.” Iyakar abin da na ce ke nan. Ɗana na fari ne. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu: uwa ba ta kama sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta bari a ga ta damu. Ko a littafin nan da ba mai buɗewa sai ni, “ɗan Goggo” nake rubutawa.

Alhamis, 7 ga Agusta

Koko, kunun gyaɗa, kunun tsamiya. Kowanne rabin kofi yake sha ya ture. Malam ne ke kai masa, ni ina madafi ina jiran kofi ya dawo in leƙa.

Asabar, 9 ga Agusta

Tunda baki ba ya buɗuwa, rubutu yake yi a takarda. Yau ya fita alwala, na shiga ɗauko kofi, idona ya faɗa kan takardar. Ba niyyata ba ce in karanta. To, na karanta.

“Baba, don Allah a mayar da ni wajen Inna. Ina ta wahalar da Malama.”

Inna ita ce Goggo. Malama ni ce, yadda 'yan Islamiyya ke kirana. Ashe a ganinsa baƙo ne da ya ɗora wa matar gida nauyi.

Da la'asar ina biya wa 'yan aji huɗu hadisi, sau biyu ina ɓatan layi. Sai dariya suke ƙasa-ƙasa.

Lahadi, 10 ga Agusta

Likita ya ce ramar ta yi yawa. Malam ya ce in dai ba ya ci, Goggo za ta zo ranar Juma'a ta tafi da shi, ko ba komai ita ta san cikinsa. Me zan ce? Gaskiya ya faɗa.

Amma in ya tafi a haka, ya tafi ke nan da abin da ya rubuta a takardar nan. Ba zan iya ba.

Na kira Goggo. Na yi ta gaisuwa har ta gaji, ya damina, ya awaki, sannan na ce, “Goggo, me ya fi so ne in ba shi da lafiya?”

Ta ce, “Wa fa?” Tsohuwar nan ta sani sarai.

Na ce, “Mutumin naki.”

Ta yi dariyarta ta ƙoshi, sannan ta ce faten dankalin Turawa da cuku. Ba busasshen cukun kasuwa ba, ɗanye, wanda take haɗawa da kanta da madarar shanu da tumfafiya. Wai tun yana ɗan shekara biyar, in zazzaɓi ya kayar da shi, shi kaɗai yake karɓa. Tana cikin yi min bayani wayarta ta mutu.

Na haifi mutum, sai na tambayi wata abin da yake so. Abin ya yi min ciwo.

Talata, 12 ga Agusta

Tani mai kawo mana nono ta zo min da madara sabuwar tatsa, da ɗuminta. Tumfafiya kuwa ga ta nan bayan makaranta, ba mai kallonta. Na daka ganye har biyar na tace a madarar, don ina tsoron kada ta ƙi kamawa. Ta kama kam. Na soya albasa da attaruhu, na dafa dankali, na haɗa.

Ban ɗanɗana ba sai da Malam ya dawo da kofin cike. Ɗaci kamar maɗaci, ga yaji. Malam ya ce zuƙa ɗaya ya yi, hawaye suka zubo masa saboda ciwon da ke cikin bakin. Duk da haka ya rubuta, “A ce wa Malama na gode.”

Shekara talatin ina girki. Na zubar a bayan gida, na zauna a kan turmi.

Laraba, 13 ga Agusta

Goggo ta yi caji. Da na faɗa mata sai ta yi salati. “Attaruhu, Zubaida? Yaron da ko yajin ƙuli ba ya taɓawa?” Tumfafiya kuma rabin ganye ya isa kwano guda, kuma ba a barin cukun cikin ruwansa, sai an tsame an ɗauraye.

Na ji haushinta, ban san dalili ba. Ko na sani.

Har zan kashe wayar ta ce in tsaya. Ta ce wata Sallah da suka zo mana, yana ɗan shekara tara, a mota suna komawa ya tambaye ta ko laifi ya yi min. Wai ya ga na ɗora ƙannensa a cinya ina ba su nama a baki, shi kuwa na tura masa kwano a rufe ban dube shi ba. Ta ce masa kunya ce. Ya ce, “Kunyar me?”

Ina tuna Sallar. Ni na zaɓar masa tsokar da ta fi kowacce, na ɓoye ta a ƙasan shinkafa don kada a gani. Ina zai sani?

Ita ma mahaifiyata haka ta yi wa Yaya Badaru, ɗanta na fari, har ta koma ga Allah. Ranar da ta rasu ya fi kowa kuka. Ban taɓa tambayarsa kukan me yake yi ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na nemi Malama Zahara'u ta riƙe min ajin safe.

Rabin ganye. Wuta kaɗan-kaɗan, ban motsa ba har madarar ta tsinke, farin ya taso sama. Na tsame a rariya, na ɗauraye sau biyu, na ɗanɗana. Ba ɗaci, sai garɗi. Dankali takwas, na fere na dafa da albasa ɗaya a romon ƙashi har ya narke. Ba wutar lantarki balle injin markaɗe, don haka a turmi na kirɓa shi da cukun, na sassauta da sauran madara, na tace sau uku don kada wani gudaji ya toshe robar. Man shanu cokali ɗaya. Gishiri.

Malam ya tafi ta'aziyya Unguwar Ya. Na so in jira shi, amma faten zai huce. Wannan shi ne dalilin.

Na yi sallama na shiga. Ya yunƙura zai tashi, na ce, “Yi zamanka.” Hannunsa na hagu a naɗe yake, da hannu ɗaya kofin zai zube. Sai na riƙe masa. Ba a riƙe wa mutum kofi a tsaye, sai na zauna a bakin katifar.

Ya zuƙa, ya tsaya, ya dube ni. Ni ina kallon bango. Ya ci gaba har robar ta fara ƙara a gindin kofi. Ya jawo takarda ya rubuta, “Akwai saura?”

Kofi uku ya sha. Yana da ɗan tabo a bayan kunnen hagu, ban san yaushe ya same shi ba. Gashin girarsa irin na babana ne sak.

Juma'a, 15 ga Agusta

Goggo ta iso kafin a tafi masallaci, da jakar da za ta zuba kayansa. Ta wuce madafi kai tsaye ta buɗe tukunyata, ta lasa. “Gishiri ya yi kaɗan,” in ji ta. Ta sake lasa.

Ta daɗe a ɗakin soro. Da ta fito ta miƙo min takardar da ya rubuta mata. “Inna, ki yi haƙuri, zan zauna sai an kwance wayar.”

Ta naɗe jakarta ba komai a ciki. Idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙin murhuna ne. Na raka ta har bakin titi, na riƙe mata jakar. Shekara ashirin da huɗu tana tsaye a kansa, ban taɓa yi mata godiya ba, don godiyar ma kamar nuna ɗan nawa ne. Yau na yi. Ta ce, “Rufe min baki, ki ƙara gishiri.”

Laraba, 20 ga Agusta

Malam ya ce shi ma a riƙa zuba masa. Tani ta ce ko shagon cuku zan buɗe.

Asabar, 30 ga Agusta

Tabon bayan kunne, daga bishiyar mangwaron Goggo ya faɗo. Ya rubuta min labarin, shafi guda. Kumatunsa sun fara dawowa.

Talata, 9 ga Satumba

Jiya aka kwance wayar. Malam ya aika a sayo kifi mai laushi don murna, shi kuwa ya ce fate yake so. Muryarsa ta shaƙe, kamar ba tasa ba. Gobe zai koma Basirka, geronsa ya isa yanka. Na rubuta wa Goggo cewa na ƙara gishirin.

Da na sauke tukunya yana can ƙofar gida da abokansa, sai na leƙa soro na kira shi ya zo kada ya huce. Ya amsa, “Na'am,” ya shigo da sauri har yana tuntuɓe da takalmi.

Malam yana kan tabarma da littafi a hannu. Ya sauke tabarau yana dubana. Wai da sunansa na kira shi, har maƙwabta sun ji. Na ce ni ban ji ba, ya ci abincinsa.

Dankali ya kusa ƙarewa. A ajiye takwas, Bahauddeen ya ce zai zo ranar Juma'a ta sama.