Kowa Ya Karɓi Aikin Ɗan'uwansa

Da sunan Allah. Ni mahaifiyarku na rubuta wannan, hankalina garau, jikin ne kawai ya gaza. Na fara da haka don na san a cikinku akwai mai cewa zafin ciwo ne.

Na ɗaya. Dogo, Gimbiya, Auta, kun san abin da ofishinmu yake ci da shi: mu haɗa samfurin ruwan gari a kwamfuta, mu ga yadda zai gudana kafin a haƙa rami ko ɗaya. Aikin sabuwar unguwa shi kaɗai ya rage mana. In ya lalace, ofis ya mutu, mutane kuma su kwana da ƙishi.

Na raba muku shi uku don ya yi sauƙi, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Dogo ya gina samfurin famfo kamar tanki ba ya cika. Gimbiya ta gina na tanki kamar bututu ba ya yoyo. Auta ya gina na bututu kamar ruwa daga sama yake saukowa. Kowanne shi kaɗai tsaf, abin sha'awa. Da na haɗa su, sai kwamfuta ta ba unguwa ruwan da ko kogin garin nan ba shi da shi. Kuka tsaya a kaina kuna nuna wa juna yatsa, manyan injiniyoyi, ɗakunanku a jere amma gaisuwa ta gagare ku. Wallahi kun ba ni kunya, kun kuma ba ni dariya.

Na biyu. Ga rabo. Dogo, ka karɓi aikin bututu da ɗakin Auta. Gimbiya, famfo naki ne, har da kujerar nan da Dogo ba ya bari a zauna. Auta, tanki. Ba wanda ya san kan abin da na ba shi, da gangan na yi. Mai son ya gane, ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗan'uwansa ya yi tambaya, girman kan ba zai kashe shi ba.

Na uku. Rigimar waye ya ɓata aiki ta ƙare yau. Ɓarnar ba ta cikin ɗakin kowa, tana tsakanin ɗakunan, inda babu mai shara.

Na huɗu. Kada takarda ta fita daga ofis sai an gwada sassan uku a haɗe, ku ukun kuna zaune a teburi ɗaya.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, tunda ni na kasa. Ku riƙe juna.

Roƙona na ƙarshe: mai sayo likkafani da mai sa a haƙa kabari, don Allah ku yi magana da juna. Ku auna ni tare, kada a kai ni a tarar ramin bai ishe ni ba.