Na Yarda a Sa Mini Tiyon Abinci

Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Alhaji da yara. Ya zaman Agadas, ya ciwon ƙafar taki? Mu nan unguwar Zango sai godiyar Allah.

Na rubuto ne don magana a waya tana ba ni wuya yanzu. Ciwon dajin nan na harshena ya hana ni haɗiya, ko kunu sai na yi hawaye. Na rame sosai.

Likita a Yamai ya ce kafin a fara gashin dajin da na'ura a sa mini tiyo a ciki, a riƙa zuba abinci ta nan. Na ƙi, na dawo Damagaram. Inna na tuna, da tiyo a hanci ta bar mu. Kawu Mamman ma ya ce, "Kar ka bari su huda ka."

Matata Zara ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Malam, Inna lokacinta ne ya yi. Kai magani za ka yi. Likita ya ce in ƙarfinka ya ƙare, dakatar da gashin za su yi. To, wanne ka fi tsoro?"

Na kira likitan, ya ce ana cirewa in baki ya warke. Na ce a sa. Jibi za mu hau kar, babbar motar fasinja, mu koma Yamai.

Tsoron bai tafi ba, Yaya, amma sai na ƙarasa maganin nan. Ki saka ni a addu'a, ki gaida yaranki su Hadiza. In za ki zo, ki taho mini da dabino. Da bakina zan ci, in sha Allahu.

Ƙaninki,
Abba